Giwan Ruwa a Rijiyar Gilashi

Taƙaitaccen bayani, domin wanda ba shi da sukunin karanta sauran: A shekarar da aka sauke tutar Turawa, wani Bature ya koma ƙasarsu ya bar akwatin gilashi na kiwon kifi a falon wani gidan gwamnati da ke Birnin Kebbi. Wanda ya gaji gidan ya nemi kifin da zai dace da akwatin. An samo kifin. Ba a kori kowa daga aiki ba, dukiyar gwamnati ba ta salwanta ba, ba a kuma kafa kwamitin bincike ba. Mutum ɗaya ne ya rasa abin da ya yi rayuwarsa yana jira, shi kuwa ba ma'aikaci ba ne, saboda haka maganarsa ba ta shiga fayil ba.

Ni ne akawun ofishin a wancan lokaci, kuma yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Baturen ofishinmu, wanda muke kira Mai Lofe, shi ya sa kafinta ya haɗa akwatin. Bai auna shi da kifi ba, ya auna shi da gurbin da ke tsakanin tagogi biyu na falonsa. Saboda haka abin ya fito dogo, ya kai ƙirjin mutum, amma faɗinsa bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba. Ma'aikatan gidan suka sa masa suna rijiyar gilashi. A ciki Mai Lofe ya zuba waɗansu 'yan kifaye ja da shuɗi, kowanne bai kai ɗan yatsa ba, waɗanda ya ɗauko daga Ikko cikin kwalabe. Da yake bakin rijiyar ƙarami ne, iska ba ta isar ruwan, sai aka ɗora wa kukun gidan, Kalilu, aikin hura masa iska da famfon keke safe da yamma. Mai Lofe ya tafi, Kalilu ya fahimci cewa 'yancin kai ya shafi famfo, kifayen suka mutu, suka taso ciki sama.

Wanda aka ba riƙon kujerar Mai Lofe, da gidan, da kukun, shi ne Malam Sahabi. Riƙo na ce, domin ba a tabbatar da shi ba tukuna, kuma babu mai tsoron idon mutane kamar mai riƙo. Sahabi ɗan masunta ne daga wani ƙauye kusa da Argungu. Yadda ya shiga makaranta sananne ne: da aka zo neman yaro ɗaya daga gidansu, mahaifinsu ya dubi 'ya'yansa biyu, ya ɓoye wanda ya iya ruwa a rumbu, ya miƙa wanda yake kuka in an tsoma shi. Wanda aka miƙa ya zama mai ɗamarar wuya da tebur. Wanda aka ɓoye, wansa Dankure, ya zama masunci da ake faɗin sunansa har Augie.

Wajibi ne in yi bayanin matsayin Dankure a shekarar nan, domin a kansa maganar take. A ƙauyensu akwai wani gurbi mai zurfi a gulbi. Idan ruwa ya janye bayan damina, sai a ɗaure gurbin: babu homa, wato tarun hannu, babu ƙugiya, babu ko kwando da zai shiga, har ranar da za a buɗe shi a yi su, wato kamun kifi na gari duka. Wanda ke ɗaurewa da kwancewa tsoho ne, Maigandi, kuma shi ke fara shiga ruwa ranar su, kowa na tsaye a gaɓa da gorarsa da homarsa har sai ya ɗaga hannu. Gwiwoyin Maigandi sun gaji. Ya riga ya faɗa a bainar jama'a cewa a bana Dankure ne zai fara shiga, kuma kowa ya san abin da wannan ke nufi: wanda ya fara shiga, shi zai gaji ruwan. Dankure ya sake ɗinkin homarsa tun kaka. Matarsa ta gaya wa maƙwabta cewa da homar yake kwana.

Sai Sahabi ya ba direban motar kasuwa saƙo: a gaya wa Yaya ina son kifi na gida.

Ranar kasuwa ta zagayo, ina barandar gidan da takardun sa hannu, sai ga mutum biyu ɗauke da sanda a kafaɗa, giwan ruwa na rataye wutsiyarsa na jan ƙasa. Dankure na biye da su yana dariya.

"Ranka shi daɗe, Joji!" ya ce wa ƙanensa cikin zolaya, da laƙabin manyan ofis. "Ga kihinka. Tun assalatu muka hwama da shi a tsakiyar gulbi. Gari dut an san na Sahabi na."

"Yaya, sannu da hanya. Amma ba na ci nake nufi ba. Na kallo."

"Na mi?"

"Na kallo."

"To, kalle shi, kana a dahwa."

Sahabi bai yi dariya ba. Ya ja shi falo ya nuna masa rijiyar. Dankure ya zagaya ta iyakar inda bango ya bari, ya ƙwanƙwasa gilashin, ya leƙa bakinta.

"Wa yag gina wagga? Kihi kwance shika tahiya, ba tsaye ba."

Wannan magana gaskiya ce, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe ta, domin mai faɗinta bai riƙe ba.

Giwan ruwan nan ma'aikatan gida da masinjojin ofis suka cinye. Dankure ya koma, kuma na lura bai tsaya cin tuwo ba. A wurinsu, girman kifin da ka kai wa mutum shi ne girman mutumin a idonka. Ya kawo iyakar abin da gulbi ke da shi, an ce masa ba shi ake so ba.

Karo na biyu ya rage hannu, bisa ga fahimtarsa. Ya kawo tarwaɗa biyu masu rai cikin tulu, kowace kamar damtsen mutum, ya ce su ba sa mutuwa da wuri. Ba su mutu ba kuwa. Sun mayar da ruwan kamar kunu, kuma ranar da Sahabi ya gayyaci ma'aikatan bariki shan shayi, ɗaya ta tsallako ta bi siminti tana jan ciki har ƙarƙashin kujerar matar likita. An daɗe ana ba da labarin a kulob.

Karo na uku Dankure ya zo hannu wofi, domin a yi magana. Nan ma ina wurin, da takardu.

"Ƙanana nake so, Yaya," in ji Sahabi, ya ɗaga ɗan yatsansa. "Kamar haka. Babban baƙo zai zo daga Kaduna ya duba aikina, a nan falon zai zauna. In ya tarar da abin Bature babu komai a ciki, me zai ce? Zai ce an ba mu ƙasa mun kasa riƙe kwalba."

"Sahabi, yaron da yak kawo irin wanga gida bugu shika sha. Ɗiyan kihi na. Ba a taɓa su."

"Guda nawa zan ɗauka? Tafin hannu ɗaya."

"Ko nas so, ina za ni ganin su? Hwadama ta ƙahe. Irin wanga yanzu sai gurbi, gurbi kau an ɗaure shi."

Sahabi ya yi magana da murya ƙasa-ƙasa, da irin Hausar littafi da ya koyo a makaranta, wadda yake amfani da ita idan yana so ya ji wa mutum ciwo.

"Bature ya ɗauko nasa daga Ikko, a jirgin ƙasa da mota. Ni da aka haifa a bakin gulbi, wana kuma shi ne gwanin gulbin, na rasa cikin cokali. Babu laifi. Ran da aka zo neman yaro ma, ai an san wanda aka ɓoye da wanda aka bayar. Ban taɓa roƙon gidanmu komai ba sai wannan."

Dankure ya dubi ƙanensa. "Ba ni nib ba da kai ba," ya ce.

"Ban ce kai ba ne. Amma ba ka fito daga rumbun ba."

Bayan 'yan kwanaki aka ce in bi motar ofis zuwa Argungu, in ɗauki babbar kwalba, Dankure zai ba ni saƙo. Mun isa ƙauyen rana na tsaka. Ya fito da gidan sauro a naɗe a hamata, wanda Sahabi ya ba shi kyauta da Sallah, domin babu homar da idonta zai riƙe abin da za a kama. Bai ɓoye ba, bai bi ta bayan gari ba. Ya ce mini a hanya, kamar mai lallashin kansa, "Wanga ba su ba na, Malam. Wanki na." Ya shiga gefen gurbin ruwa iya cinya, ya ja gidan sauron cikin ciyawa, ya ɗago shi yana walƙiya da 'yan kifaye. Ya zauna a gaɓa yana zaɓe da yatsa: 'yan gargaza, 'yan kawara masu jan wutsiya. Da ya kai ga wani ɗan siriri mai zane a jiki, sai fuskarsa ta saki.

"Ɗan giwa na," ya ce. "In dai ƙarami za a kai ma Sahabi, to shi zan ɗan babban gida."

Ya jefa shi cikin kwalba tare da sauran. Masunci ne da ya san abin da giwan ruwa ke ci tun kafin ya san karatun sallah. Amma a lokacin ba abincin kifi yake tunani ba, darajar ƙanensa yake aunawa, da ma'aunin da ya gada.

Kafin mu tashi, gaɓa ta cika. Mata masu wankin shinkafa sun gani, magana ta kai gari. Aka tallabo Maigandi, a gefensa ɗan ƙanensa Yari, wanda shi ma masunci ne, kuma ba ya cikin masu murna da zaɓen da aka yi wa Dankure.

"Ga shi nan, Baba," in ji Yari. "Mai gadon ruwa na, da gidan sabro. Gobe da rariya za shi zakkuwa."

"Yi kurum," in ji tsohon. Ya zauna a kan gora, ya miƙa hannu, na ba shi kwalbar. Ya ɗaga ta ga rana ya daɗe yana kallo. "Dankure, mi wanga?"

"Saƙon ƙanena, Baba."

"Ci za shi yi?"

"Kallo."

Jama'a suka fashe da dariya. Maigandi bai yi ba. Kowa a wurin ya ga cewa yana neman ƙofa ne, domin yana son Dankure kamar ɗan cikinsa.

"Idanuna sun tsuhwa," ya ce. "Ban ga homa ba, gidan sabro nig gani. Maishe su ruwa yanzu, gaban jama'a, in ce wanki kay yi."

"Baba, wanga ba daidai ba na!" in ji Yari.

"Na ce ka yi kurum." Ya juyo wurina. "Ko kuwa kai, malamin gwamnati, tilas kunka yi mai? In hukuma ta tilasta shi, a hwaɗi, laihi ba nashi ba na."

Kafin in buɗe baki Dankure ya ce, "Babu wanda yat tilasta ni."

"To, maishe su."

Tsohon ya miƙa masa kwalbar. Ruwa na gabansa, taku biyu. Dankure ya riƙe ta da hannu bibbiyu. Na ga leɓensa na motsi. Sa'an nan ya juya ya ɗora ta a hannuna, ya gyara mini riƙon yadda ba za ta zube ba.

"Sau biyu ina kai mai, yana maido min," ya ce. "Bai taɓa roƙona komi ba."

Maigandi ya sunkuyar da kai. "Ɗauko homatai da goratai," ya ce wa Yari, ba tare da ya dube shi ba. A gabanmu aka kawo homar da aka yi wa sabon ɗinki, aka karya bakanta a gwiwa, aka fasa gorar. Hukuncin gajere ne: ba zai shiga gurbin ba bana, ba zai kuma taɓa fara shiga ba.

Na kai kwalbar Birnin Kebbi lafiya, na kuma ba da rahoton abin da ya faru, baki da baki. Sahabi ya saurara yana kallon kifayen suna sauka cikin rijiyar.

"Ba su da launi sosai," ya ce. Can kuma ya ce, "Kada ka damu, zan gyara maganar."

Ya gyara ta yadda ya iya. Ya tura masinja mai kaki da jar hula ya gaya wa Maigandi cewa ofis na so a janye hukuncin. Har zuwa ranar, mutanen ƙauyen suna cewa Dankure ya yi wauta saboda zumunci, kuma da yawa suna tausaya masa. Daga ranar suka ce ya kawo wa ruwa hukuma. Maigandi ya amsa wa masinjan cewa an ji an gode. Ranar su, Yari ne ya fara shiga. An ce Dankure ya tsaya a can bayan mata, hannuwansa a baya.

Babban baƙo ya zo daga Kaduna. Ya zauna a falon, ya sha shayi, ya yi tambaya a kan motoci da gidajen ma'aikata. Da zafi ya dame shi ya cire hularsa, ya nemi inda zai ajiye, ya kife ta a bakin rijiyar gilashi, wanda ya yi mata daidai. Bai duba abin da ke ƙasa ba. Daga baya aka tabbatar da Sahabi a kujerarsa, bisa dalilin da kowa ya sani tun farko: babu wani mai takardar da ta kai tasa.

A cikin rijiyar kuwa, 'yan kawara suka fara raguwa, sa'an nan 'yan gargaza. Kalilu, wanda aka mayar wa aikin famfo, ya rantse ba shi ba ne. Ba a daɗe ba aka gane, domin kifi ɗaya ya rage, ɗan giwan nan, kuma ya yi ƙiba. Kalilu ya ci gaba da ba shi fara da tana. Damina ta zo ta wuce, ya cika faɗin rijiyar, hancinsa na taɓa wannan gilashi wutsiyarsa na taɓa wancan. Da ya ƙara tsawo sai ya karkace. Daga ƙarshe ya samu hanya ɗaya da ta rage masa: ya miƙe tsaye, kai sama wutsiya ƙasa, bakinsa na buɗewa yana rufewa kusa da inda famfo ke kawo iska. Sahabi ya sa aka ja labule a wurin.

Dankure bai sake zuwa gidan ba sai ranar da ake ɗaure kaya, an yi wa Sahabi ƙarin girma zuwa Kaduna. Dankure ya rame. Ya bar ƙauyensu ya koma Ambursa yana yi wa wani ban-ruwan albasa, domin ya kasa zama inda zai ga Yari na ɗaga hannu. Suka gaisa a tsaye tsakanin akwatuna.

"Yaya, da ka aiko ai da na turo mota."

"Ƙahwa ta kawo ni. Ina abin?"

Kalilu ya ja labulen. Dankure ya sunkuya gaban gilashin, shi da kifin ido da ido.

"Haka shika kwana?"

"Haka," in ji Kalilu.

"Ba ni shi, Sahabi."

"Ɗauki, Yaya. Amma akwatin na gida ne, sai an bar wa mai zuwa." Ya duba agogo. "Maganar nan ta gurbi, in na zauna a Kaduna zan ga abin da za a yi."

"Kak ka sake gyara min komi," in ji Dankure. Bai ɗaga murya ba. Ita ce magana ta ƙarshe da na ji ta shiga tsakaninsu, kuma ban ji labarin wata bayanta ba.

Ya naɗe hannun riga ya zura hannu har kafaɗa ya ciro kifin, ya sa shi cikin tulu. Na raka shi zuwa gulbi ta wajen Zauro, domin motar ofis na da saƙo a can. Ya shiga ruwa iya gwiwa, ya kwantar da kifin a tafukansa yadda kifi ke kwanciya, ya riƙe shi haka yana jira ya tuna. Da ya saki, sai wutsiyar ta nutse, kan ya taso. Ya sake kwantar da shi. Ya sake miƙewa. A karo na uku ya bar shi, ruwa ya tafi da shi a tsaye, bakinsa a sama, har ya kai inda wata shirwa ke shawagi. Dankure bai tsaya ganin ƙarshen ba. Ya ɗauraye tulun ya kama hanyar Ambursa.

Wanda ya gaji gidan bayan Sahabi ya sa rijiyar a baranda, ana ajiye lema da sanduna a ciki. Ta dace da aikin ƙwarai.

Abin da al'amarin ya ci, iyakar sanina:

Kifin Ikko, duka.

Giwan ruwa babba, ɗaya, an ci. Tarwaɗa, biyu.

'Yan kawara da 'yan gargaza, cikin tafin hannu.

Giwan ruwa ƙarami, ɗaya.

Gidan sauro, ɗaya. Famfon keke, ɗaya, ya gaji.

Homa, ɗaya. Gora, ɗaya.

Gadon ruwa, ɗaya, ya koma wani gida.

Wa da ƙane, ɗaya-ɗaya.

Daga aljihun gwamnati, babu.